Daga Jibiya zuwa Agadas: Abin da matafiyi zai tarar a tsofaffin biranen Nijar

Daga birnin Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ba ta cika kilomita 100 ba, alhali daga Katsina zuwa Kano ta kai kusan 170. Wato ƙasar waje ta fi kusa da Bakatsine a kan Kasuwar Kantin Kwari. Duk da haka, da yawa daga cikin 'yan kasuwa da ma'aikatan da suka san Makka da Madina, suka kuma taka Dubai ko Alƙahira, ba su taɓa tsayawa a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi ba. Waɗanda ke ƙetarawa kowane mako kuwa, akasarinsu daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai gida.

A bayan shingen Magamar Jibiya akwai birane da ke riƙe da rabin tarihin ƙasar Hausa: Maraɗi da Tsibiri, Tasawa da Damagaram, sai Agadas can a bakin Sahara. Mai zuwa ganinsu yakan ji kamar bai bar gida ba, domin harshe ɗaya ne, addini ɗaya, tuwo ma ɗaya. Wannan kamannin shi ne daɗin tafiyar, shi ne kuma tarkonta, domin Nijar ƙasa ce mai dokokinta da kuɗinta da jami'anta, kuma wanda ya manta da haka yakan sha wuya tun daga shingen farko.

Iyakar da ba ta wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba

Jibiya tana arewa maso yamma da birnin Katsina, hakiminta kuma shi ne Sarkin Arewan Katsina. Ofisoshin kwastam da na shige da fice suna Magama, kusa da garin. Daga nan sai Ɗan Isa, gari na farko mai ofisoshin gwamnati a ɓangaren Nijar, cikin gundumar Madarumfa ta Jihar Maraɗi. Kogin Gada da aka datse aka yi madatsar ruwan Jibiya, shi ne yake gangarawa arewa ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi kwana, ya sake komowa Najeriya ya haɗu da Rima.

Layin da ya raba garuruwan nan a Turai aka fara zana shi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar Tafkin Chadi. An sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransawa sun koka cewa rabonsu ba shi da rijiyoyin da za su bi daga Kwara zuwa Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 wani kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ya bi ƙasa yana kafa alamomi. Iyakar da ta fito daga wannan aiki ta kai kimanin kilomita 1,500, ta kuma raba dangi da gonaki da masarautu.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa buɗewar wannan ƙofa ba abin dogaro ba ce. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, kuma ko da aka buɗe na Illela da Maigatari a Disamban 2020, ta Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame ta, har zuwa Maris ɗin 2024 da ƙasashen biyu suka buɗe ɓangarorinsu ɗaya bayan ɗaya. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata.

Abin da ya shafi matafiyi a nan shi ne takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar zaman kwana 90 a ƙasar 'yar'uwarta ba tare da biza ba. Ƙasashen ukun da suka fice, waɗanda suka kafa ƙawancen AES, sun sanar a Disamban 2024 cewa 'yan ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza. Sai dai a Janairun 2025 Nijar ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shiga da zaman baƙi. Saboda haka mai niyyar wuce Maraɗi ya riƙe fasfo ɗinsa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, ya tabbatar an buga masa hatimin fita a Magama da na shiga a Ɗan Isa, ya kuma haɗa da katin rigakafin shawara, wanda Nijar ke buƙata daga duk mai shigowa. Mai tafiya da motarsa yana buƙatar takardun motar cikakku, da inshora, da takardar izinin shigar da mota da jami'an duwan ke bayarwa. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano, inda za a iya jin halin da ake ciki kafin a ɗaura kaya.

Mazauna bakin iyaka sun saba ƙetarawa ta hanyoyin daji a kan babur don biki ko jana'iza, ba wanda ya tambaye su komai. Baƙon da ya kwaikwaye su zai iya isa Maraɗi lafiya, amma duk shingen jandarma da ke gaba zai nemi hatimin da ba shi da shi.

Dala da jikka, lakwal da duwan

Darasi na farko bayan ƙetarawa shi ne na lissafi. Kuɗin Nijar sefa ne, wanda ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma ke amfani da shi, kuma ficewa daga ECOWAS ba ta taɓa shi ba. An ɗaure darajarsa da yuro, sefa 655.957 a kan yuro guda, abin da ya sa faɗuwar naira tun daga 2023 ta mayar da Nijar ƙasa mai tsada ga ɗan Najeriya. 'Yan canji suna nan a Magama da Ɗan Isa da Maraɗi. A garuruwan bakin iyaka ana karɓar naira a ƙananan ciniki, amma da zarar an nufi arewa sai sefa.

Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga kuɗi, dala guda kuwa sefa biyar ce. Idan mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Dala ɗari sefa 500 ce. Jikka guda sefa 1,000 ce, saɓanin jakar Najeriya da aka sani da naira 200. Duk adadin da aka faɗa da dala, matafiyi ya ninka shi sau biyar kafin ya ce ya saya, domin ciniki da yawa ya lalace a kan wannan rashin fahimta.

Harshen kuma yana da nasa ɗanɗanon. Hausar Maraɗi da Tsibiri 'yar'uwar ta Katsina da Sakkwato ce, inda ake cewa hura da tahiya, ana tambaya da mi. Kalmomin da Hausar Najeriya ta aro daga Ingilishi, ta Nijar daga Faransanci ta aro su. Makarantar boko lakwal ce, malaminta mushe, ofis buro ne, kwastam kuwa duwan. Babur ɗin haya da Bakano ke kira acaɓa, a Maraɗi kabu-kabu ne. Tun Maris ɗin 2025 sabon kundin da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka takardun ofis da allunan kan hanya har yanzu yawancinsu da Faransanci suke.

Agogo bai canzawa, lokacin Nijar da na Najeriya ɗaya ne, kuma a hannun dama ake tuƙi a ƙasashen biyu. Lambar wayar ƙasar tana farawa da 227, kuma sayen layin can ya fi sauƙi a kan amfani da na gida. Tsakanin manyan birane akwai kamfanonin safa irin su Rimbo da STM, masu tashoshinsu na kansu da tikiti, waɗanda sukan tashi tun da asuba. Wanda ya saba da jiran mota ta cika a tasha, idan ya makara zai tarar ta tafi.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata baƙo ya kiyaye. Na farko, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko ginin gwamnati. Na biyu, ba kowane kaya ake fitarwa ba. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na AES ba, a Mayun 2025 kuma, gab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi. Tsarabar da ba ta jawo magana ita ce kilishi da cuku da dabino da kayan fata.

Maraɗi da Tsibiri: inda sarautun Haɓe suka koma

Maraɗi ba za ta burge mai neman tsofaffin gine-gine ba. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, sai aka mayar da jama'a kan tudu, aka yanka musu tituna miƙaƙƙu masu faɗi. Tarihin Maraɗi yana cikin fadarta da sunayen unguwanninta.

Lokacin da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso Katsina, wajen 1807, Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, Sarki Magajin Halidu kuma ya gamu da ajalinsa a Ɗankama. Ragowar gidan sarautar suka naɗa Ɗan Kasawa, suka yi gudun hijira zuwa Damagaram. Wajen 1819 mutanen yankin Maraɗi suka yi tawaye ga wakilin sabuwar gwamnatin Katsina, suka kira Ɗan Kasawa ya zauna a garinsu. Tun daga ranar sarkin Maraɗi bai taɓa sauke sunan Sarkin Katsina ba. Manyan 'yan majalisarsa su ne Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, sarautun da duk Bakatsine ya sani a gida. Akwai kuma Iya, sarautar mace mai babban matsayi a fada. Har yau a cikin birnin akwai unguwar 'Yanɗaka da ta Limanci.

Kusan duk ƙarni na 19 yaƙi ne tsakanin Katsinar kudu da ta arewa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci ƙawancen Gobirawa da Maraɗawa da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, 'yar tafiya kaɗan arewa maso yamma da Maraɗi, inda Sarkin Gobir yake zaune har yau, tare da Inna, takwarar Iya a Gobir. Daga baya Ɗan Baskore, wanda ya yi fiye da shekara ashirin a gadon Maraɗi, ya riƙa kai hare-hare har ƙofofin Katsina. Dazuzzukan da hanyar Jibiya ke ratsawa a yau su ne fagen waɗannan yaƙe-yaƙe. Jikokin mayaƙan kuwa yanzu surukan juna ne, kuma fadojin biyu suna ziyartar juna a lokutan biki da na rasuwa.

Ana ziyartar fada kamar yadda ake yi a gida. Baƙo ya fara gaida dogarai, ya bayyana daga inda ya fito da abin da ya kawo shi, ya tuɓe takalmi inda aka nuna masa, kada kuma ya ɗauki hoto sai da izini. Ɗan abin goro ga wanda ya yi masa jagora ba ya ɓata komai.

Maraɗin yau ita ce cibiyar kasuwancin Nijar. Gyaɗa ce ta fara ɗaga ta a zamanin Faransawa, sannan cinikin ƙetare da Katsina da Kano ya haifar da attajiran da aka sani da Alhazan Maraɗi, waɗanda wani manazarci Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Babbar kasuwar garin ta fi cika ranakun Litinin da Juma'a. A nan ake ganin jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna tun zamanin da ayari ke kai ta Arewacin Afirka, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko.

Kudu da birnin, ba nisa da hanyar da matafiyi ya biyo daga Ɗan Isa, akwai Tafkin Madarumfa, wanda al'ada ta ce kusheyin waliyyai 99 ne suka kewaye shi. Masu ziyara suna zuwa daga Nijar da Najeriya, masunta kuma suna sayar da kifi a bakin ruwa. Tun 2006 wurin yake cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya.

Hanyar Tasawa zuwa Damagaram

Daga Maraɗi zuwa Damagaram, wadda taswira ke kira Zindar, tafiyar kusan kilomita 240 ce gabas a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. A tsakiyar tafiyar akwai Tasawa, wadda ita ma wani reshe na gidan sarautar Katsina ke riƙe da ita. Ta nan matafiyin Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Gaba da Tasawa akwai Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke. Waɗannan hafsoshin Faransa biyu su ne suka jagoranci rundunar da ta ƙone garuruwa a 1899, ta fafata da Sarauniya Mangu a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, kafin sojojinsu su juya musu baya su harbe su a watan Yulin shekarar.

Damagaram ita ce inda ido ke samun abin kallo. Birnin ya tashi ne a tsakanin manyan duwatsu masu santsi, kuma tsohon garin kashi biyu ne. Birni shi ne mazaunin sarki da malamai da fadawa. Zango kuwa masaukin fatake ne, Hausawa da Buzaye da Larabawan Gadamas da Tarabulus. A lungunan unguwannin biyu har yanzu akwai gidajen ƙasa masu zanko da zane a fuskar zaure, irin waɗanda siminti ya kusa shafewa a Kano da Zariya.

Masarautar ta faro a ƙarni na 18 tana biyayya ga Borno. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaukaka ta: ya kewaye birnin da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙeransa suka riƙa zuba igwa. Fadar da ake ziyarta a yau ginin tsakiyar ƙarni na 19 ce. Sarki Ahmadu Kuran Daga ya kai wa Kano hari a zamanin Sarki Alu, kuma a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a 1898. Shekara guda bayan haka Faransawa suka ci Damagaram a yaƙin Tirmini, suka gina bariki a kan dutse suka sa masa sunan hafsan nasu. Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar Nijar, kafin a mayar da ita Yamai.

Babbar ranar kasuwa a Damagaram Alhamis ce. Dukawan garin sun shahara da aikin jakunkuna da takalma da matasan kai na fata. Abin da baƙo zai lura da shi nan da nan shi ne ƙarancin ruwa, matsalar da birnin ya daɗe yana fama da ita, don haka kafin ya kama ɗaki ya tambayi yadda ruwa yake a masaukin.

Akwai abin da mai zuwa yanzu ba zai ƙara gani ba. A farkon Satumban 2024 ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19. Shekara guda kafin nan, a Agustan 2023, wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe da gyara duk shekara, maginan da suka iya aikin suna ƙarewa, damina kuma tana ƙara ƙarfi.

Agadas, ƙofar Sahara

Daga Damagaram hanya takan juya arewa ta Tanut, tafiyar kimanin kilomita 450, gonakin gero suna raguwa har su ɓace. Agadas ita ce mazaunin Sarkin Abzin tun ƙarni na 15, kuma ta nan ayarin raƙuma ke bi tsakanin Kano da Katsina da Tarabulus. Daga yankin ne kuma ayarin gishiri ke tashi zuwa Bilma da Fashi, ya dawo da kantu da dabino, a gangara da su ƙasar Hausa a musanya da gero da baƙin turkuɗi na Kura. Wannan tsohuwar hulɗa ce ta sa Hausa ta zama harshen kasuwa da na titi a Agadas, duk da cewa birnin na Buzaye ne.

Hasumiyar babban masallacin ita ce alamar birnin. Tsawonta mita 27, da ƙasa zalla aka gina ta, itatuwa suna fitowa daga jikinta don magina su taka idan za su yi yaɓe. An gina masallacin a 1515, zamanin da Askiya Muhammadu na Songhai ya mamaye yankin, aka sake gina hasumiyar a 1844. Wanda ya taɓa hawa Gobarau a Katsina zai gane dangantakar. Ana hawa ta wata siririyar matakala da ke ƙara matsewa yayin da ake yin sama, daga ƙoli kuma ana hango unguwanni goma sha ɗaya na tsohon garin da duwatsun Abzin daga nesa. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya.

Kusa da masallacin akwai fadar sarki, cikin lungunan kuma akwai gidan da Barth ya sauka a Oktoban 1850. Maƙeran azurfa suna ƙera sarƙar nan mai siffar gicciye da aka sani da sunan birnin. Da yamma maza sukan kewaye ɗan murhun gawayi ana dafa shayi, zubi uku a jere, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Baƙon da aka miƙa wa kofin farko, ladabi shi ne ya zauna har na ukun.

Kafin tawayen 2007 jiragen sama suna kawo masu yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa, kuma gidaje da yawa da wannan suke ci. Yau Turawa sun ɗauke ƙafa, musamman bayan sace wasu mata biyu 'yan Turai a birnin a 2025. Agadas kuma ita ce mashigar masu neman ƙetarawa Libiya da Aljeriya. Dokar 2015 da ta haramta safarar bakin haure an soke ta a Nuwamban 2023, amma ɗan Najeriya da ya nufi arewa ya sa ran tambayoyi a kowane shinge. Sunan masauki da lambar wanda zai karɓe shi sukan taƙaita zancen. Fita cikin duwatsun Abzin ko hamadar Tenere kuwa ba a yin ta sai da izinin hukuma da jagora.

Lokacin tafiya da batun tsaro

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, sai dai sanyin dare a Agadas yana buƙatar bargo. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan tsananta, a damina kuma ruwa yakan yanke hanyoyi. Mai son ganin birnin cikin ado ya daidaita tafiyarsa da hawan Sallah a Maraɗi ko Damagaram, ko bikin Biyanu na Agadas a watan Muharram, ko taron makiyaya na Ingal a watan Satumba. Akwai kuma gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a 1975, ake kuma zagayawa da ita jiha-jiha, zakaranta ya tafi gida da takobi.

Ba a ɓoye cewa yankin Jibiya da dajin Madarumfa sun sha fama da 'yan bindiga masu satar mutane da shanu, hanyar Katsina zuwa Magama kuma cike take da shingaye. Ƙa'idar direbobin hanyar ita ce a tashi bayan gari ya waye, a isa kafin la'asar ta yi sanyi, kada a bar kwalta, a kuma tambayi 'yan tasha labarin hanya a ranar tafiyar. Matambayi ba ya ɓata.

Ma'aikacin da ke da hutun ƙarshen mako zai iya ganin Maraɗi da Tsibiri da Madarumfa ya dawo. Damagaram tana buƙatar ƙarin kwana biyu, Agadas kuwa mako guda. A ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Idan ya kammala, ɗan makaranta a Kano zai iya karya kumallo a gida ya yi sallar Azahar a ƙofar fadar Ɗan Kasawa.

Kafin zuwan jirgin, motocin Magama suna lodi kullum a Katsina. Iyakar da aka rufe sau biyu cikin shekara biyar tana iya sake rufuwa, ginin ƙasa kuma ba ya jiran kowa, kamar yadda masallacin Birni ya nuna. Ɗan kasuwar da ya saba juyowa daga kasuwar Maraɗi da zarar ya gama lodi, idan ya ƙara yini guda ya leƙa fada ya wuce Tsibiri, zai dawo wa 'ya'yansa da labarin inda sauran danginsu suke. Zumunci dai a ƙafa yake.